Fatalwa a Shafin Jarida: Tarihin Labaran Ban Tsoro da Turawa ke Karantawa da Kaka

Kowace shekara, da watan Oktoba ya kama, mujallu da shagunan littattafai na Faransa da Ingila da Amurka sukan fito da jerin labaran da suka ce su ne na lokacin: labaran fatalwa, na gidajen da aka ƙaurace wa, na kisan kai da aka rasa wanda ya aikata. Sunayen marubutan ba su cika canzawa ba: Edgar Poe, Maupassant, Mérimée, Washington Irving, Conan Doyle. Wanda ya ga jerin zai zaci al'ada ce da aka gada kaka da kakanni. Tarihi bai nuna haka ba. Yawancin waɗannan labarai an rubuta su ne tsakanin 1820 da 1910, domin jaridu da mujallu masu biyan marubuci kuɗi, kuma ƙalilan ne daga cikinsu aka yi saboda kaka.

Ita ma kalmar kaka aro muka yi mata, don lokacin da Bafaranshe ke kira automne bai yi kama da kakarmu ba. Mu a nan, kaka lokacin ƙoshi ne: gero ya nuna, an cika rumbu, ana kokawa da dambe, ana ɗaura aure, yara na kwana dandali a farin wata. Su can, lokaci ne da ganye ke zuba, yini ke gajarcewa, har a farkon Nuwamba rana kan faɗi a Landan tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ranar 1 ga Nuwamba Kiristocin Katolika ke bukin waliyyansu, kashegari su tuna da mamatansu, kuma a kwanakin ne ake kai furanni maƙabarta. Daren jajibirin, wato 31 ga Oktoba, shi ne Halowin, wanda ake danganta tushensa da wani tsohon bukin ƙarshen girbi na mutanen Ailan. Su ne suka ƙetare da shi Amurka da yawa bayan yunwar da ta faɗa wa ƙasarsu daga 1845, sa'an nan a ƙarni na 20 ƴan kasuwa da silima suka mai da shi abin da yake a yau. Faransa kanta sai a ƙarshen shekarun 1990 shagunanta suka yi ƙoƙarin shigo da shi.

Kafin wannan, lokacin labarin fatalwa a Ingila shi ne Kirsimeti, tsakiyar hunturu, sa'ad da iyali ke kewaye murhu. Charles Dickens ya fitar da A Christmas Carol a Disamban 1843, kuma shekara da shekaru yana shirya bugu na musamman na mujallarsa don wannan buki. M. R. James, masanin tsofaffin rubuce-rubucen hannu a jami'ar Kambirij, yakan karanta wa abokansa sabon labarinsa da daren Kirsimeti a hasken kyandir, kafin ya tara su a littafi a 1904. Hatta Sherlock Holmes a mujallar Kirsimeti ya fara bayyana, a 1887.

Tsohon labarin da ya cancanci a kira shi na kaka da gaske shi ne The Legend of Sleepy Hollow na Ba'amurke Washington Irving, wanda ya fito a 1820, kuma ya kamata malamai su san shi, domin malamin lakwal ne aka yi wa aika-aika a ciki. Ichabod Crane dogo ne siriri, baƙo a wani ƙauyen jikokin mutanen Holan a bakin kogin Hudson. Albashinsa bai kai ya riƙe shi ba, sai yana zaga gidajen iyayen ɗalibansa, mako guda nan, mako guda can. Ga shi da son abinci, ga son labaran mayu. Ya sa ido kan Katrina, ɗiyar manomi mafi arziki, ko kuwa a ce kan gonar ubanta, alhali wani ƙato mai suna Brom Bones ya riga shi. Da daren bukin girbi aka sha hira kan wani sojan Jamus da harsashin igwa ya cire wa kai a yaƙin neman ƴanci, wanda aka ce yana fitowa bisa doki neman kansa. A hanyar komawa gida malam ya gamu da mahayin, kansa na ajiye gaban sirdi. Suka yi tsere har gada, mahayin ya jefe shi da kan. Da safe aka tsinci hular malam da fasasshiyar kabewa, shi kuwa ba a sake ganinsa a garin ba. Brom ya auri Katrina, kuma duk sa'ad da aka ambaci kabewar sai ya tuntsire da dariya. Tsofaffin matan garin dai sun tsaya a kan cewa aljanu ne suka sace malam.

A wannan ɗan labari an riga an ga abin da zai zama ƙashin bayan irin wannan adabi na tsawon ƙarni guda. Abu guda ya faru, bayani biyu ke gaban mai karatu, marubuci kuma ya ƙi yanke hukunci da bakinsa. Abin da nake son nunawa ke nan: labarin ban tsoro na Turai ɗan shakka ne, kuma bai samu haihuwa ba sai bayan da hukuma ta daina yarda da maita.

A ƙarni na 16 da na 17 kotunan Turai sun kashe dubban mutane bisa zargin maita. A garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 a 1692. Wanda zai iya rasa ransa gaban alƙali kan batun maye ba ya karanta labarin maye don nishaɗi. Amma a 1682 sarki Louis na 14 ya fitar da doka wadda ta ɗauki sihiri a matsayin yaudara, majalisar Ingila ta bi sahu a 1735, inda laifin ya koma na mai da'awar yana da sihiri yana cin kuɗin mutane. Da aljani ya fita daga kotu sai ya shiga littafi. Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci, aka buga tsakanin 1704 da 1717, Turawa suka ɗanɗana ifiritai a matsayin kayan hira. Horace Walpole ya kawo tsohon gidan sarauta mai fatalwa a 1764, Jacques Cazotte ya kawo shaiɗanin da ya rikiɗa budurwa a Le Diable amoureux a 1772. A watan Yunin 1816, shekarar da toƙar dutsen Tambora na Indunusiya ta hana Turai ganin bazara, ruwan sama ya tsare wasu Ingilishi a wani gida bakin tafkin Janeba, suna karanta labaran fatalwa na Jamus a fassarar Faransanci, suka yi gasar kowa ya rubuta nasa. Daga nan Mary Shelley ta fito da Frankenstein a 1818. Faransawa kuwa ta hannun Bajamushe Hoffmann suka kamu, bayan an fara fassara labaransa a 1829 da sunan Contes fantastiques, kalmar da muke koyarwa har yau.

Gwanin wannan zamani a Faransa, a ganina, Prosper Mérimée ne, kuma La Vénus d'Ille na 1837 shi ne labarin da zan fara ba duk wanda bai taɓa karanta irin wannan adabi ba. Mérimée ma'aikacin gwamnati ne, tun 1834 shi ne sufeton gine-ginen tarihi na ƙasa, yana yawo lardi lardi yana rubuta rahoto. Da muryar mai rahoto ya ba da labarin, abin da ya ƙara masa ƙarfi ke nan. Wani masani daga Faris ya sauka gidan wani dattijo a garin Ille, kusa da iyakar Sifen, ana shirin auren ɗansa Alphonse. Dattijon ya tono wani gunkin mace na tagulla a gindin itacen zaitun, mai kyan fuska da mugun kallo, wanda tun wajen ɗaga shi ya karya ƙafar wani lebura. Da safiyar aure, ranar Juma'a, ango ya tuɓe zoben da zai sa wa amarya domin ya buga ƙwallo, ya saƙala shi a yatsan gunkin, ya manta. Da dare ya zo wa baƙon jiki na rawa, ya ce gunkin ya lanƙwashe yatsa, zobe ya ƙi fita. Amma ango ya sha giya, don haka baƙon bai kula ba. Cikin dare ya ji takun wani abu mai nauyi yana hawa matakala, da asuba ya ji yana sauka. Aka iske ango matacce, ƙirjinsa da shaida kamar an matse shi da kewayen ƙarfe, zoben kuma yana ƙasa.

Abin lura shi ne yadda Mérimée ya bi duk matakan bincike. Mai gabatar da ƙara ya zo, aka kama wani mutumin Sifen da ango ya ci a wasa har ya yi masa barazana, aka gwada takalminsa da sawun da ke lambu, bai yi daidai ba, aka sami shaidar inda ya kwana, aka sallame shi. Mutum guda ne ya ga abin da ya faru, ita ce amarya, ta ce gunkin ne ya hau gado ya rungume mijinta, amma an riga an ce ta zautu. Ba a bar wa mai karatu ƙofar da zai fita da kwanciyar rai ba. In ya ce mutum ne, to wa? In ya ce gunki ne, ya bi maganar mashayi da ta mahaukaciya. A ƙarshe aka narkar da gunkin aka yi ƙararrawar coci, kuma tun da ta fara kaɗawa sanyi ya ƙone inabin garin har sau biyu.

Shekara huɗu bayan haka, a wani gefen teku, hanyar ta rabu biyu a hannun mutum guda. Edgar Poe, wanda aka haifa a Boston a 1809, maraya ne da ya rayu da alƙalaminsa cikin bashi. Shi ya mai da tsoro daga tsohon gini zuwa cikin ƙwaƙwalwar mai ba da labari: mai kisan da ke jin bugun zuciyar gawar da ya binne ƙarƙashin daɓen katako, mashayin da baƙar kyanwa ta tona wa asiri, dukansu a 1843. Rugujewar gidan Usher, na 1839, da yinin kaka mai duhu ya buɗe. Amma a watan Afrilun 1841, a wata mujalla ta Filadalfiya, ya buga wani abu dabam, wanda Faransawa suka sani da Double assassinat dans la rue Morgue. An kashe uwa da ɗiya a ɗaki kulle ta ciki, a saman bene, an cusa gawar ɗiyar cikin bututun hayaƙi da ƙarfin da ya fi na mutum. Maƙwabta sun ji wata murya, amma kowa ya ce harshen wata ƙasa ce wadda shi ba ya ji. Duk kayan labarin aljanu sun haɗu. Sai Auguste Dupin ya zauna ya yi ta auna shaidu, ya gano ƙusar taga da ta karye, ya duba gashin da ke hannun gawa, ya ce aikin wani ƙaton biri ne da ya kuɓuce wa matuƙin jirgin ruwa da aska a hannu.

Nan aka haifi labarin bin diddigi, wanda muke kira policier a aji. Ba banza ba ne Poe ya kai labarinsa Faris. A can ne tsohon ɗan fursuna Vidocq ya kafa sashen ƴan sandan ciki wajen 1812, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1828, alhali Landan ba ta sami irin wannan sashe ba sai 1842. Birane sun cika da baƙi, maƙwabci bai san maƙwabci ba, jaridu na sayuwa da labarin kisa. Mai bin diddigi shi ne bokan wannan sabuwar duniya: ana kiransa in abu ya gagari hankali, ya duba alamun da kowa ya gani bai fahimta ba, ya faɗi sunan mai laifi. Poe ya mutu a Baltimo ranar 7 ga Oktoban 1849, kwana huɗu bayan an tsince shi cikin mawuyacin hali, ba ya iya bayanin abin da ya same shi. Darajarsa a Turai Charles Baudelaire ne ya ɗaga ta, da fassararsa ta Histoires extraordinaires a 1856 da ci gabanta a 1857. Mu da muka yi karatu da Faransanci, Poe ɗin Baudelaire muka sani, har wasu ɗalibai kan ɗauka Bafaranshe ne.

Daga Dupin aka sami Lecoq na Émile Gaboriau a shekarun 1860, daga su biyun aka sami Holmes, sa'an nan Rouletabille na Gaston Leroux, yaro ɗan shekara 18 da ya warware asirin ɗaki mai ruwan ɗorawa a 1907. Inda ƴan'uwantakar labarin tsoro da na bin diddigi ta fi fitowa fili shi ne Le Chien des Baskerville, da aka buga kashi kashi daga 1901 zuwa 1902. Dogon labari ne, amma ba a raba shi da jerin kaka, don cikin hazon Oktoba abin ya faru. Ga la'anar da ke bin zuriya, ga baƙin kare mai aman wuta a fadama. Holmes ya nuna cewa kare ne na gaske da aka shafa wa wani sinadari mai ƙyalli a duhu, mai shi kuma ɗan dangi ne da ya ɓoye sunansa yana neman gado (shi ma, abin takaici, tsohon mai makaranta ne). Mai karatu ya sha tsoronsa har ya ƙoshi, sa'an nan a mayar masa da hankalinsa cikakke a shafin ƙarshe. Sai dai shi Conan Doyle, likitan da ya ƙago wannan gwanin hujja, ya bayyana a 1916 cewa ya yarda ana magana da matattu, a 1920 kuma ya sa hannunsa a kan wasu hotuna da ƴan mata biyu suka ɗauka, wai na ƙananan aljanu masu fukafukai. Sai a 1983 matan suka amsa cewa da takarda suka yanka su.

Guy de Maupassant ya bi ɗaya hanyar har ƙarshenta. A wata maƙala da ya rubuta a 1883 ya yi hasashen cewa abin al'ajabi na mutuwa a zukatan mutane, don haka dole marubuci ya daina shiga cikinsa kai tsaye, ya riƙa zagaya bakin iyakarsa. Le Horla ya rubuta shi sau biyu, kuma kwatanta rubutun biyu darasi ne da ya fi kowace ƙa'ida da za a rubuta a allo. A na farko, na Oktoban 1886, majinyaci ne ke ba da labarinsa gaban likitoci, likitansa kuma ya tabbatar cewa maƙwabta ma sun kamu. A na biyu, na 1887, Maupassant ya kore likitocin, ya kore shaidu, ya bar mutum shi kaɗai da littafin da yake rubuta abin da ya same shi kullum, daga 8 ga Mayu zuwa 10 ga Satumba. Mutumin mai hali ne, gidansa na bakin kogin Seine kusa da Rouen. Wata safiya ya ga farin jirgin ruwan Barazil na wucewa, ya ɗaga masa hannu don murna. Daga nan zazzaɓi, sai rashin barci, sai jin wani abu na danne masa ƙirji. Ya ajiye ruwa da madara da dare, ya kulle ƙofa, da safe ya iske an shanye. Ya naɗe kwalaben da farin ƙyalle, ya shafa wa hannunsa da leɓensa baƙi don ya kama kansa in shi ke sha cikin barci. Ƙyalle ya kwana fari fat, kwalabe kuma babu kome. Wata rana ya tsaya gaban madubi bai ga kansa ba, don wani abu ya shiga tsakani. Ya sa aka yi wa ɗakin ƙyamaren ƙarfe, ya kulle abin a ciki, ya cinna wa gidan wuta, ya manta da barorinsa na barci a sama.

An sha cewa wannan labari shaidar haukan marubucinsa ne, tun da ciwon tunjere ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya nemi kashe kansa a farkon Janairun 1892, ya kuma mutu a gidan jinya a Yulin 1893 yana da shekara 42. Ban yarda da wannan karatu ba, kuma ina ganin yana rage wa ɗalibai amfanin labarin. Mutumin da ya sake gina labari don ya cire duk wata shaida, wanda kuma ya rubuta Pierre et Jean bayan haka, ya san abin da yake yi sarai. Ya halarci darussan likita Charcot kan cututtukan ƙwaƙwalwa, ya ɗauki abin da kimiyyar zamaninsa ke tattaunawa ya yi gini da shi.

Akwai wani abu da mai karatu na nan ƙasar zai lura da shi kafin Bature. Sau da yawa a waɗannan labarai, abin tsoron jirgin ruwa ne ke kawo shi. Birin Poe daga Borneo yake, Horla daga Barazil, macijin da ke saukowa ta igiyar ƙararrawa a wani labarin Holmes na 1892 daga Indiya. Haka ma hannun biri a The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, 1902, wani saje ne ya zo da shi daga Indiya, da sihirin biyan buƙata uku. Tsoho ya roƙi fam 200, kashegari injin masana'anta ya niƙe ɗansa, kamfani ya aiko da diyyar fam 200 cif. Uwa ta tilasta a roƙi dawowar yaron, tsakar dare aka fara ƙwanƙwasa ƙofa, tana kokawa da sakata uban na laluben hannun birin a ƙasa don roƙo na uku. Ƙasashen da aka mallaka su ne rumbun da Turai ke ɗibar dodanninta. A daidai waɗannan shekaru kuwa, a 1899, ayarin Voulet da Chanoine na ƙone garuruwa daga Lugu zuwa Birnin Ƙonni, wato a zahiri tsoron ta wancan gefen ya biyo zuwa nan.

A 1970 Tzvetan Todorov ya tsara ƙa'idar da littattafan koyarwa suka ɗauka: fantastique shi ne ɗan lokacin da mai karatu ke waswasi tsakanin bayanin hankali da na gaibu. In an ƙare da bayanin hankali, an faɗa étrange, in an karɓi gaibu, an faɗa merveilleux. Ƙa'idar tana da kyau, amma an yanka ta ne daidai jikin mai karatun da bai yarda akwai aljani ba. Ɗalibinmu na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya karanta Suratul Jinni tun yana makarantar allo, ya san unguwar da ake kiɗan bori, ya ji labarin makarantun da ƴan mata suka yi ta faɗuwa a aji aka ce iskoki ne. Duk wanda ya koyar da Le Horla a nan ya san amsar da kan fito daga bayan aji: ai wannan aljani ne ya shige shi, me ya hana a kai shi wurin malam? Malamin da ya ce wa yaron bai fahimci darasi ba ya yi asarar mafi kyawun tambayar da za a yi a wannan sa'a. Yaron yana da waswasinsa, wurin da yake ne dabam. Samuwar aljani ba abin gardama ba ce gare shi. Abin gardama shi ne ko wannan mutum, a wannan dare, aljani ne ya taɓa shi, ko ciwo ne, ko sammu, ko kuwa ƙarya yake yi don ya rufe wani laifi. Fatalwa kuwa, wadda ita ce jarumar labaran Ingila, a nan ita ce ake musu a kanta, tun da malamai na cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Mu ma muna da iyaka tsakanin tatsuniya, wadda mai yinta ke rufewa da amsa cewa ƙarya ya shirya, da labari, wanda ake farawa da rantsuwa cewa wane ne ya gani da idonsa. Mérimée da Maupassant labari suke kwaikwayo, shi ya sa suke cika shi da kwanan wata da sunan gari.

Ko sabon zamani bai kore irin wannan labari ba, a can ko a nan. Dickens ya tsira daga haɗarin jirgin ƙasa a watan Yunin 1865, inda mutum 10 suka mutu, a shekara mai zuwa ya rubuta The Signal-Man, labarin ma'aikacin da ke ba jirgi hannu a bakin wani rami, wanda wata siffa ke yi wa gargaɗi kafin kowace masifa, har ta uku ta zama mutuwarsa. Duk direban da ke bin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram da dare ya ji kwatankwacinsa, na kyakkyawar mace da ke tsayuwa bakin kwalta. Masaniya Adeline Masquelier ta yi nazarin waɗannan labarai a yankin Dogon Dutsi a 2002, ta danganta su da tunawa da aikin tilas da aka gina hanyar da shi. A adabin Afirka mai amfani da Faransanci, wanda ya fi kusa da wannan waswasi namu shi ne "Sarzan" na Birago Diop, a Les Contes d'Amadou Koumba na 1947: saje Keita ya dawo daga soja da niyyar kawar da al'adun garinsu, ya sare itacen tsafi, ya wulaƙanta abin da ake girmamawa, ya ƙare yana sambatu. Mutanen gari sun san dalili. Mai ba da labarin, ma'aikaci mai ilimin boko kamar Diop kansa da yake likitan dabbobi, ya bayyana abin da ya gani ya yi shiru. In an karanta shi mako guda da Le Horla, aji kan rabu biyu da kansa.

A rubutun Hausa, dodo da aljani sun shiga takarda da wuri. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila, ya ba Schön labarai da suka fito a Magana Hausa a 1885, Frank Edgar ya buga kundin tatsuniyoyi uku tsakanin 1911 da 1913, Abubakar Imam kuma ya cika Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da abubuwan al'ajabi a shekarun 1930. Amma waɗannan, bisa ma'aunin Todorov, yawancinsu merveilleux ne ko ban dariya: aljani na zuwa a gaisa da shi, a yi ciniki, a yaudare shi. Ƙungiyoyinmu na raya harshe da ke neman aikin yi da kaka za su iya gwada juya biyu ko uku daga waɗannan gajerun labarai zuwa Hausa, tun da haƙƙin mallakar Poe da Mérimée da Maupassant ya daɗe da faɗuwa, kuma rubutunsu na nan kyauta a intanet. La Vénus d'Ille ba zai ba da wahala ba, don gunki da zobe da daren aure duk muna da kalmominsu. Le Horla ne zai tsai da mai fassara. A tsakiyar labarin, mutumin ya je ziyara Mont-Saint-Michel, ya tambayi wani limamin Kirista ko ya yarda akwai halittun da ido ba ya gani. Limamin ya kafa masa hujja da abin da ke kaɗa teku, yake tumɓuke itatuwa, yake kayar da gini, ba wanda ya taɓa ganinsa amma ba mai musun yana nan. A Faransanci misali ne kawai, kalmar vent ba ta ɗauke da wani ruhi. A Hausa sunan abin iska, kuma da zarar an rubuta ta mai karatu ya riga ya ji amsar da Maupassant ya ɓata shafi talatin yana ƙin bayarwa. Mai fassara zai zaɓa tsakanin guguwa, wadda ita ma yara ke gudu don an ce da aljani a cikinta, da hadari, wanda ido ke gani, ko kuwa ya bar iskar yadda take.